Shin Jaraba Zunubi Ce, Kuma da Wa Kirista Yake Yaƙi?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga ƙaramar hukumar Roni, manomi da yake taɓa sayar da hatsi a kasuwannin Kazaure da Babura, ya rubuto yana cewa: "Ni Kirista ne. A coci nakan ji ana cewa muna cikin yaƙi na ruhu. Da wa ake wannan yaƙi? Kuma idan zuciyata ta raya mini in rage mudu, na riga na yi zunubi ke nan?"

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Za mu amsa maka bisa ga abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a shekarar 1932. Shi ne littafin da ake karantawa a majami'un ƙasarku, kamar na ECWA, ekilisiyar da aka kafa a 1954 daga aikin mishan ta SIM, wadda ta taɓa zama a nan Roni.

Da farko dai, jaraba daban, zunubi daban. Dalili kuwa, Linjilar Matiyu sura 4 ta ba da labarin yadda Shaiɗan ya jarabci Yesu Almasihu kansa a jeji, bayan ya yi azumin kwana 40, amma bai faɗi ba. Wasiƙar Yakubu sura 1 ta kwatanta abin da ɗaukar ciki: sha'awa ce take fara jan mutum, in ya amince mata sai ta haifi zunubi. Wato tunanin rage mudu da ya zo maka, baƙo ne ya yi sallama. Laifi yana farawa ne sa'ad da ka shimfiɗa masa tabarma.

Ka lura kuma da lokacin da jarabar ta zo wa Yesu: sai da yunwa ta kama shi, sannan aka ce ya mai da duwatsu abinci. Haka abin yake har gobe. Ba ranar da rumbu yake cike take zuwa ba. Tsakiyar damina take zuwa, wajen watan Agusta, hatsin bara ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, ga bashin taki, ga yaro kwance da zazzaɓi. A nan ne zuciya za ta ce maka, ai ɗan tsakuwa a buhun wake ba zai kashe kowa ba, ko kuwa ka koma wurin boka a ɓoye, wa zai sani?

Sai batun da wa ake yaƙin. Manzo Bulus ya amsa wannan a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa sura 6, inda ya nuna cewa abokin gabar mai bi ba ɗan Adam ba ne, mugayen ikoki ne da ido ba ya gani. Wannan magana a riƙe ta da kyau. Maƙwabcinka Musulmi da kuke gayya tare, ko ɗan'uwanka da bai bar al'adar kakanni ba, ko wanda kuke gardamar iyakar gona da shi, ba su ne abokan yaƙinka ba. Duk wanda ya ce maka yaƙin ruhu shi ne ƙin mutane, ko nuna wata tsohuwa da yatsa a ce mayya ce, to ya saki hanya. Filin dagar yana cikin ƙirjinka.

Bulus ya lissafa kayan yaƙi shida, irin na sojan Rum na zamaninsa. In ka taɓa ganin 'yan lifidi a hawan salla, za ka gane hoton. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci shi ne sulke, bisharar salama takalmi, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah kuwa takobi. Ya ɗora da addu'a a kowane lokaci. Duba ka gani, biyar daga ciki na kare kai ne, ɗaya kaɗai ne na sara, shi ma ba a kan mutum ba.

To yaya za ka yi da su ranar kasuwa? Na ɗaya, ka san ƙofar da ɓarawonka yake shigowa. Wani tasa kuɗi ce, wani mata, wani burkutu, wani fushi. Na biyu, wata jarabar ba a tsayawa kokawa da ita, gudu ake yi, kamar yadda Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa a Masar, a Farawa sura 39. In ka san rumfar mashaya tana kan hanyarka, canja hanya. Na uku, ka yanke shawara tun daga gida. Mudu ɗaya za ka ɗauka, wanda kake saye da shi, shi za ka sayar da shi, domin Karin Magana sura 11 ta nuna Allah yana ƙyamar ma'aunin algus. Na huɗu, kada ka yi yaƙin kai kaɗai. Faɗa wa fasto ko wani dattijo amintacce halin da kake ciki. Sau da yawa tiya biyu ta dawa da 'yan'uwa za su ranta maka ita ce za ta kashe jarabar.

In kuma ka riga ka faɗi, ba a gama ba. Bitrus ya yi musun Yesu sau 3, ya tuba, aka karɓe shi. Sai dai tuban ɗan kasuwa yana da shaida: mai karɓar harajin nan na Yariko, a Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4. Wanda ka rage wa awo, neme shi ka cika masa.

Da fatan ka gamsu, malam. Allah ya ba da damina mai albarka, a gaishe mana da mutanen Roni da Gwiwa.