Jinyar Tsofaffi a Gida: Matsayin Doka da Rabon Zakka da Wakafi

Daga cikin buƙatun da kwamitocin masallatai na Anka, Gummi da Bukkuyum suke yawan gabatar mana akwai na tsofaffin da ciwo ya kwantar, waɗanda kai su Gusau ya fi ƙarfin iyalansu. Hanya tana da nisa, tsaronta bai tabbata ba, kuɗin mota da na mai zaman jinya kuma sukan cinye na magani. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa masu ba da gudummawa bayani kan tsarin da ake kira asibiti a gida.

Ma'anarsa ita ce a bar majinyaci a ɗakinsa, amma a ɗauke shi tamkar wanda aka ba gado a asibiti. Likita ne ke da alhakinsa, ma'aikacin jinya yana zuwa kullum, ana yi masa allura da ƙarin ruwa, ana auna jininsa, kuma akwai motar da za ta ɗauke shi idan jiki ya tsananta. Faransa ta shigar da wannan tsari cikin dokar asibitocinta a 1970. Amurka ta amince inshorar tsofaffinta ta biya kuɗinsa a Nuwamba 2020, lokacin annobar korona. Amfanin doka shi ne ta fayyace wanda ya cancanta, da wanda zai biya, da wanda za a tuhuma idan an yi sakaci.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A 2018 aka sa hannu kan dokar Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta lissafa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa. Sai dai waɗannan dokoki ba su shimfiɗa ƙa'idojin asibiti a gida irin na Faransa ba.

Ga al'ummar Musulmi abin ba baƙo ba ne. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, takardar wakafinsa ta tanadi magani ga matalautan da ke jinya a gidajensu.

A nan ya kamata a bambanta dukiyoyin biyu. Zakka haƙƙin mabuƙaci ce, a hannunsa ake danƙa ta. Da ita tsoho matalauci zai sayi maganinsa da abincinsa. Kayan aiki masu ɗorewa kuwa, kamar babur ɗin ma'aikaci, da na'urar iskar numfashi, da firijin magani mai aiki da hasken rana, wakafi ne ya dace da su.

Muna roƙon kowane kwamiti ya ƙididdige tsofaffin unguwarsa da ke kwance, ya haɗa su da ma'aikacin lafiya mai lasisi, kada a bar allura a hannun wanda bai koya ba. Muna kuma kira ga wakilanmu a Majalisar Dokokin Zamfara su duba yiwuwar yin doka a kai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu taimako da alheri.