NANA ASMA'U DA JAJINTA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ɗan fili domin in tuna wa 'yan'uwana malamai da akawuna, musamman na ƙasarmu ta Daura, labarin wata malama wadda ta shekara saba'in da ɗaya a duniya, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne har yanzu ana samun mai cewa karatun 'ya mace baƙon abu ne wanda Turawa suka zo da shi. Mutumin Daura bai kamata ya faɗi haka ba, gama a garin nan Magajiyoyi suka yi sarauta tun kafin Bayajida ya sauka bakin Kusugu. Amma bari mu bar sarauta, mu yi zancen allo.

An haife ta a Degel cikin shekara ta 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa ga al'ada Husaina za a ce mata, amma Shehu ya sa mata Asma'u. Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu, a 1804, saboda haka ƙuruciyarta cikin tafiya da yunwa da yaƙi ta ƙare. Duk da haka ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haifa masa 'ya'ya maza.

To, abin da na fi so masu karatu su lura da shi ga shi nan. Bayan da aka ci Alƙalawa a 1808, aka kuma yi yaƙin Gawakuke a 1836, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata waɗanda ba su san alwala ba balle salla, da yawansu kuwa bori suka sani. Matar aure ba ta barin ɗakinta ta tafi neman karatu, Nana kuma ba ta iya bin ƙauyuka ɗaya ɗaya. Sai ta duba ta ga akwai mata iri biyu waɗanda ba mai hana su tafiya, watau tsofaffi da suka gama haihuwa, da 'yan mata da ba su isa aure ba. Su ta ɗauka. Kowane gari sai ta zaɓi tsohuwa guda mai hankali da amana ta naɗa ta Jaji, ta sa mata malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai. Malfan nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar 'yan bori. Nana ba ta ƙone malfa ba, ta dai canja wadda ke sa ta. A ganina babu dabarar da ta fi wannan cikin dukan aikinta, domin mace ta ƙauye da ta hangi malfa ta riga ta san mai magana ce ta zo.

Jaji takan taso da ayarinta a ƙasa, suna ɗauke da zuma da man shanu da hatsi da tufafi su kai wa Nana, ita kuwa ta rarraba wa gajiyayyu da marasa lafiya. Sa'an nan su zauna ta biya musu waƙoƙinta har su hardace, na tauhidi da na salla da na tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da na hani ga tauye mudu da gulma. In sun koma gida sai su bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan kulle. Waɗannan su ake kira 'Yan Taru. Mu malaman makaranta da muke kukan ba benci, ba alli, ba littafi, sai mu duba wannan makaranta wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, ƙafafun tsofaffi kawai.

Mai dogon kwana shi ke binne nasa, haka ya same ta. Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837, mijinta Giɗaɗo a 1851, sa'an nan ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji ubansa a wazirci, ya rasu a 1859 tana da rai. Ta yi wa Bello da Giɗaɗo waƙoƙin ta'aziyya. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne ta yi wa wata Jajinta, Hauwa'u, irin wannan, ta ajiye sunan tsohuwar ƙauye a takarda ɗaya da na sarakuna da waziri.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta riƙe 'Yan Taru bayanta, wazircin Sakkwato kuma ya zauna a gidan Giɗaɗo. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta yake, a hannunsa takardunta suka tsira. Shi ya buɗe wa wata Baturiya, Jean Boyd, ɗakin littattafansa, ita da Beverly Mack suka tattara ayyukan Nana suka buga su a Amurka cikin shekarar nan da Waziri ya rasu.

Haza wasalam.

Wani malamin makaranta, Daura.