Me Ya Sa Ɓera Ba Ya Faɗowa Daga Azara?

Kowa ya taɓa ganin ɓera yana gudu a kan azara, ba ya tangaɗi. Abin da ke riƙe da shi yana cikin kansa, wajen ƙeya. Sunansa ƙaramar ƙwaƙwalwa. Mu ma muna da ita. Ita ce ke daidaita tafiya da motsin hannu.

A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Manyan cikinsu ana ce da su ƙwayoyin Purkinje, watau sunan masanin da ya bayyana su a 1837.

Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan rata. In ɗaya za ta aika wa 'yar'uwarta saƙo, sai ta feso sinadari a cikin ratan. Wani daga cikin sinadaran nan sunansa gulutamet. Da saƙo ya isa, tilas a kwashe shi nan da nan. In an bar shi, sabon saƙo zai cakuɗe da tsoho. In ya taru da yawa, har yakan kashe ƙwayar.

To, akwai masu wannan shara. Furotin ne, suna manne a jikin ƙwayoyi. Da masana suka duba ƙwaƙwalwar ɓera, sai suka ga kowanne da wurinsa. Wanda ake kira GLAST shi ya fi yawa a nan. Yana jikin ƙwayoyi mataimaka da ke kewaye da na Purkinje. Wanda ake kira EAAT4 kuwa yana jikin na Purkinje ɗin kansu. Rabonsa layi-layi ne, nan da yawa, can kaɗan, kamar kunya da kwari a gona. Masana na Oslo, ƙasar Norway, sun nuna haka a 1998.

A shekarar nan kuma masana a Japan suka gwada ɓerayen da ba su da GLAST. Suna iya tafiya, amma a kan sanda mai juyawa da sauri sai su faɗo.

Akwai mutane ƙalilan da sukan gaji lahani a wannan furotin, su riƙa tangaɗi loto-loto. Ka ga ke nan, ba duk mai tangaɗi ne ya sha giya ba. Kada a yi masa dariya. A kai shi asibiti.

Tambayoyi
1. Ina ƙaramar ƙwaƙwalwa take?
2. Don me ake kwashe gulutamet?
3. Me ya sami ɓerayen da ba su da GLAST?