Matani da Sharhi a Shafi Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zaman karatu a zauren malami a Gyadi-Gyadi ya san fasalin tsohon littafi: matani a tsakiya, sharhi a gefe, almajiri na bin su tare da yatsa. Masanan kwamfuta ma sun jima suna neman irin wannan shafi. A 1984 Donald Knuth ya nemi a riƙa rubuta manhaja yadda ɗan Adam zai karanta ya gane. A 2001 Fernando Pérez, ɗan Kolombiya mai karatu a Amurka, ya fara IPython, wanda ya haifi Jupyter a 2014. A littafin Jupyter za ka rubuta bayani, ka sa umarni a ƙasansa, ka latsa, sai lissafi ko zane ya fito nan take.

Sai dai Jupyter a burauza yake buɗewa, su kuwa masu rubuta manhaja kowa da abin rubutun da hannunsa ya saba da shi, wani Emacs, wani Vim. Fayil ɗin Jupyter kuma yana cakuɗa umarni da sakamako da hotuna, har idan mutum biyu suka yi gyara, Git, mai bin sawun gyare-gyare, ya nuno canje-canjen da ba a gane kansu balle gindinsu.

Abin da ya kawo sauƙi shi ne Jupyter ya raba shafin da ake gani da injin da ke aiwatar da umarni, ya bar hanyar da suke magana a buɗe ga kowa. 'Yan sa-kai na Emacs suka bi ta nan, suka haɗa injin da Org-mode, tsarin rubutu na cikin Emacs wanda Carsten Dominik ya fara a 2003. A 2018 Marc Wouts ya fitar da Jupytext, mai mayar da littafin zallan rubutu. VS Code, wani abin rubutun, shi ma ya shigar da littattafan cikinsa.

Ni a ganina, ɗalibin Tarauni ya fi na Landan buƙatar wannan aiki. Kwamfutarsa ta hannu ce, datarsa a ƙirge take, sau da yawa ta wayar da aka gyara masa a kasuwar waya ta Farm Centre yake jona intanet. Idan a Google Colab yake aiki, inda littafin ke zaune a intanet, sabis na yankewa aikin ya tsaya. Littafin da ke zaune cikin kwamfutarsa kuwa ba ruwansa da sabis, kuma in zallan rubutu ne, nauyinsa bai kai na hoto ɗaya ba, ya aika wa abokinsa ta WhatsApp.

Akwai kuma abin sakawa a cikin irin waɗannan littattafai. A 2022 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Yarabanci, Igbo da Turancin Pidgin. Mai tace irin wannan rubutu dole ya yanke shawara a kan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin masu waya ba sa sakawa, har ƙasa ta koma kasa. Gefen umarnin tacewar ne wurin rubuta dalilin shawarar, kuma babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa.