ILIMIN INJI YA SAKE SALO: SABABBIN FANNONIN DA JAMI'O'I KE KOYARWA

A shekarun baya, idan injin ban ruwa ya tsaya a lambu, sai a kira makaniki. Ya zo ya kasa kunne ga ƙarar injin, ya kwance, ya wanke, ya sake abin da ya cinye, kafin la'asar ruwa ya koma gudu. Yau kuwa, a lambuna da dama na jihohin Maraɗi, Tawa da Agadas, famfon da ke ɗebo ruwa ba ya shan mai. Farantan hasken rana ke ba shi ƙarfi, wani ƙaramin akwati kuma ke daidaita gudunsa. Ran da akwatin ya ƙi aiki, makaniki na iya buɗe shi, amma ba zai ga ƙusa ko bututun da zai gyara ba. Albasa na jiran ruwa, mai lambu na jiran gwani daga birni.

Wannan ƙaramin misali shi ne dalilin da ya sa jami'o'in duniya suka sake tsarin koyar da ilimin inji. Tushen karatun yana nan yadda yake: lissafi, zanen injuna, ƙarfin ƙarafa, tafiyar zafi da ta ruwa. Sai dai an ɗora masa sababbin fannoni, waɗanda ya kamata uwaye da ma'aikatan hukuma su san ma'anarsu.

Auren inji da lantarki

Fanni na farko ana kiran shi mekatironik. A ƙasar Japan aka ƙirƙiro sunan a 1969, a kamfanin Yaskawa, domin a nuna haɗuwar inji da lantarki cikin na'ura guda. Kowace irin wannan na'ura na da sassa uku. Akwai mai ji, wanda ke auna zafi, ko nauyi, ko damshin ƙasa. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke karɓar awon ta yanke shawara bisa umarnin da aka rubuta mata. Akwai kuma mai aikatawa, wato mota ko bawul da ke cika umarnin. Ɗalibin wannan fanni dole ya iya uku ɗin duka: ya zana ƙarfe, ya haɗa waya, ya rubuta umarni a kwamfuta.

Daga nan ne mutum-mutumin masana'antu ya fito. Na farkonsu, mai suna Unimate, ya fara aiki a 1961 a wata izin ta kamfanin General Motors a Amurka, yana ɗaukar ƙarafa masu zafi da ke ƙona ma'aikata. Amma ba sai an je nesa ba kafin a ga amfanin ilimin. Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙera hanyar ban ruwa wadda manomi ke kunna famfonsa ya kashe ta wayar salula, ko yana nesa da gona. Aikin ya jawo masa babbar lambar yabo ta Sarki Hasan na Biyu kan sha'anin ruwa a 2015.

Ƙira da kwamfuta

Fanni na biyu ya shafi ƙira. Maƙeri na gargajiya yana dukan ƙarfe har ya ba shi siffa, mai injin sassaƙa kuma yana rage ƙarfen da hannu yana aunawa. A sabon salo, ana zana abin cikin kwamfuta, a gwada ƙarfinsa tun bai zama ƙarfe ba, sannan a aika wa injin sassaƙa zanen, ya yanka shi daidai ba kuskure, ko sau ɗari ake so. A 1952 aka nuna injin farko mai bin umarnin lambobi, a makarantar MIT ta Amurka.

Daga baya aka samo wata dabara da ta juya aikin. Maimakon a rage, sai a ƙara: na'ura na zuba roba ko garin ƙarfe shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin milimita guda ba, har abin ya tashi, kamar yadda maginiya ke ɗora yumɓu ta tayar da tukunya. Wani Ba'amurke, Cak Hol, ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1986. A 2013 kuma, matasa a Lome ta ƙasar Togo suka haɗa irin wannan na'ura da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Ga ƙasar da ba ta da bakin teku, inda ƙaramin piyes ke shafe makonni a hanya, amfanin a fili yake.

Rana, zafi da ƙura

Fanni na uku, na makamashi, ba baƙo ba ne a Nijar. Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya daɗe yana shugabancin ofishin ONERSOL da aka kafa a 1965. A can aka ƙera tukwanen dumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana, tun ƙasashe da yawa ba su ɗauki zancen da muhimmanci ba. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Abin da ya shuka ya tsiro. Tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta biyo baya a 2023. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kowa ya ɗanɗana ɗacin dogaro da wutar waje.

Mai karatu na iya cewa wannan aikin masu lantarki ne. Ba su kaɗai ba. A zafin digiri 25 ake auna ƙarfin farantin rana, kuma duk digiri guda da ya ƙaru, yana rage wajen kashi 0,4 cikin 100. Farantin da ya kai digiri 60 a ranar bazara ya yi hasarar kusan kashi 14 cikin 100 ke nan, tun ba a yi zancen ƙurar hunturu ba. Yadda za a sanyaya shi, a share shi ba tare da ɓarnar ruwa ba, a kafa shi yadda iskar hadari ba za ta tumɓuke shi ba, duk aikin injiniyan inji ne. Haka nan ɗakunan sanyi da rumbunan da za su hana albasar Galmi ruɓewa kafin ta yi daraja.

A 2021 jami'ar Abdu Mumuni ta shiga wani shirin karatun masta na ƙasashen Afirka ta Yamma, ƙarƙashin cibiyar WASCAL, kan iskar haidurojin: ana amfani da wutar rana a raba ruwa gida biyu, a adana iskar da ta fito domin a yi makamashi da ita.

Ina ake samun karatun?

A Yamai akwai makarantar EMIG, ta ma'adinai da masana'antu, wadda ƙungiyar CEAO ta kafa, ta buɗe ƙofa a 1990, ta koma hannun Nijar a 1995. Ilimin inji na cikin sassanta. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha na jami'a, wato IUT, a Maraɗi, Tawa da Damagaram, kuma a 2010 garuruwan uku suka sami jami'o'insu. A 2014 aka kafa wasu huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Tsarin karatun shi ne shekara 3 ta lisansi, 2 ta masta, 3 ta dokta. Tun daga ƙasa kuwa, lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi ta daɗe tana shirya yara.

Wuraren aiki ma akwai su: matatar mai ta SORAZ a jihar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, bututun mai na kusan kilomita dubu 2 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara aiki a 2024, izin ɗin siminti ta Malbaza, da tashar gawayi ta SONICHAR. A irin waɗannan wurare, sabon salon kula da inji shi ne a manna masa na'urar da ke auna rawar jikinsa da zafinsa, a gane ciwon tun bai kwanta ba.

Abin da ya rage

Sunan darasi a takarda ba ya ƙera komai. Wannan ilimi na hannu ne, kayan koyonsa kuma masu tsada ne. Ɗalibin da bai taɓa injin ba sai a allo, zai fito da takardar shaida, amma izin ba za ta amince masa da na'urarta ba. Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ɓangarori uku. Hukuma ta tanadi ɗakunan gwaji da malamai, ta kuma sa kuɗin gyaran kayan cikin kasafi tun ranar da aka saye su. Masana'antu su buɗe wa ɗalibai ƙofar koyon aiki, su kawo wa jami'a matsalolinsu na gaske. Uwaye kuma su san cewa hanyar tana farawa tun daga ƙaramar lakkol, ta kan lissafi da kimiyya, ga ƴa mace kamar yadda take ga ɗa namiji.

Akwai kuma makanikan garaji da maƙeran kasuwa, waɗanda su ne suka riƙe injunan ƙasar nan shekara da shekaru. Gajeren horo na ƴan makonni zai isa da yawansu su iya karanta akwatin famfon rana. Idan injiniyan jami'a ya zana, makaniki ya iya gyarawa a ƙauye, mai lambu ba zai ƙara zuba ido ga hanyar birni ba alhali shukarsa na bushewa.