Takardar da ke lanƙwasa da kanta idan an ba ta wuta

Ka taɓa tambayar kanka yadda laitar gas ke tartsatsin wuta da zarar ka danna, alhali babu batir a ciki? Wani ɗan tangaran ne a ciki. Idan aka buge shi sai ya fitar da lantarki, idan kuma aka ba shi lantarki sai ya motsa. Irinsa ake sa wa a na'urar sikanin ta asibiti da ƙananan lasifikoki. Matsalar ita ce wanda aka fi amfani da shi, mai suna PZT, fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Kai ma ka san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010.

To ashe tsirrai ma suna da wannan baiwar. Sinadarin selulos, wanda shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na zaren auduga, kuma da shi ake yin takarda, yana amsa wa lantarki. Tun 1955 masanin Japan Eiichi Fukada ya nuna cewa katako na fitar da ɗan lantarki idan an matse shi.

Wanda ya mai da abin na'ura shi ne Jaehwan Kim na Jami'ar Inha a Koriya ta Kudu. Shi da abokan aikinsa sun shafa wa siririn fallen selulos zinare gaba da baya, suka jona waya, sai fallen ya shiga lanƙwasa kamar fiffiken ƙwaro. Abu biyu ne ke haɗuwa: tsarin zaren da kansa yana amsa wutar, sannan ƙwayoyin gishiri masu caji suna ƙaura zuwa gefe guda suna jan ruwa, gefen ya kumbura, takardar ta karkata. Da ita aka gwada lasifikar takarda da na'urorin gano girgiza da laima. Ba ta da nauyi, kuma selulos ɗin ruɓewa yake yi idan an yar.

Amma kar ka yi saurin turawa a WhatsApp cewa wayar takarda ta iso. Ƙarfinta kaɗan ne, ko kusa ba ta kai tangaran ba. Ga ta da son laima: a busasshiyar iska, irin ta hunturun Kano, motsinta raguwa yake sosai. Shi ya sa masu bincike suka koma jiƙa ta da wani narkakken gishiri da ba ya saurin bushewa, don ta yi aiki ko babu damshi.