Mai Awo Ba Ya Tambayar Gona

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwa da kaka ya san yadda ake yi. Ka sauke buhunka gaban mai awo, ya kwance bakinsa, ya zura hannu can ƙasa ya damƙo, ya baza a tafinsa. Zai hura ya ga ko da ƙaiƙayi, ya murza ya ji ko da tsakuwa, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya ciza don ya san ko ya bushe. Sai ya jawo tiya ya fara awo. Haka ake yi a Dawanau, haka ake yi a kasuwar ƙauye. Abin da bai dame shi ba shi ne gonar da aka noma hatsin. Geron gandu da na gayauna, na mai tarakta da na mai fartanya, na wanda ya zuba takin zamani da na wanda ya yi ta jigilar taki a kan jaki, duk tiya ɗaya ke auna su, kuma kyan ƙwaya ke yanka farashi.

Jami'a ma wurin awo ce, amma ta daɗe tana auna abin da aka noma a gonarta kaɗai. Ga matar da ta shekara goma sha biyar tana riƙe da littafin kuɗin wani kamfani, ita ke haɗa lissafin ƙarshen shekara, ita ke zama da masu binciken kuɗi. Ranar da ta nemi digiri sai a zaunar da ita tare da yaran da suka gama sakandare bara, ta biya kuɗi, ta bar aiki da 'ya'ya, a koya mata yadda ake rubuta kuɗin shiga da na fita. Babu wanda ya ce ba ta iya ba. Babu dai wanda ya zura hannu a buhunta ya duba.

Amurka na cikin ƙasashen da suka fara gyara wannan. A can digirin farko yawanci kiredit 120 ne, kiredit kuwa awon nauyin karatu ne, kuma darasi ɗaya na zango ɗaya yakan ɗauki 3. Ke nan darussa 40 ke cika digiri, kamar yadda tiya 40 ke cika buhu. Tambayar da suka yi wa kansu ita ce: idan mutum ya iso da tiya takwas ko goma a hannunsa, me zai sa a ce sai ya zubar ya fara daga buhun da babu komai?

Yaƙi ne ya tilasta musu yin tambayar. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kwalejoji da dama sun ba sojojin da suka dawo kiredit a dunƙule don kawai sun yi aikin soja. Wannan tukuici ne aka yi wa sunan awo, kuma malamai suka ga bai haifar da ɗa mai ido ba. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar tallafa wa tsofaffin sojoji a 1944, wadda ta kai fiye da miliyan 2 daga cikinsu kwalejoji da jami'o'i, sai Majalisar Ilimi ta Amurka, ACE, ta ɗauki wata hanya. Ta riƙa tura malaman jami'a su duba kwasa-kwasan da soja ke koyarwa ɗaya bayan ɗaya: me aka koyar, awa nawa, yaya aka gwada ɗalibi, kuma da wane darasin kwaleji ya yi daidai. Sojan da aka horar kan ba da agajin lafiya ko gyaran rediyo sai ya samu kiredit gwargwadon abin da horon ya ƙunsa. A 1974 aka faɗaɗa aikin ya haɗa da horon da kamfanoni da ƙungiyoyi ke ba ma'aikatansu.

Hanya ta biyu jarrabawa ce. A 1967 hukumar College Board ta fito da CLEP, wadda a yau take da jarrabawa 34 a fannoni irin su lissafi, tarihi, kimiyya, kasuwanci da harsuna. Yawancinsu minti 90 ake yi, maki daga 20 zuwa 80, kuma ACE ta ba da shawarar a karɓi 50. Kwalejoji da jami'o'i kusan 2,900 ke amincewa da ita, kowace da nata sharaɗin. Yarinyar da ta tashi a gidan da ake jin Sifananci, ko magidancin da ya karance tarihin ƙasarsa da daddare bayan an tashi aiki, sai ya zauna ya rubuta. In ya ci an cire masa darasin, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na zama a aji.

Hanya ta uku ta fi wuya, kuma ita ta fi kama da aikin manomi. Ba a auna dami da tiya. Sai an yi sussuka, an yi shiƙa, an raba ƙwaya da ƙaiƙayi, sannan a kai gaban mai awo. Haka wanda ya koyi abu a bakin aiki zai zauna ya haɗa kundin shaida. Zai ɗauko jerin abin da ake son ɗalibi ya sani a ƙarshen wani darasi, ya bi su ɗaya-ɗaya yana nuna inda ya koyi kowanne: ga rahoton da ya rubuta, ga tsarin da ya zana, ga wasiƙar maigidansa a wurin aiki, ga bayanin dalilin da ya sa ake yin abin haka. Malamin fannin ya karanta, ya yi masa tambayoyi, ya yanke hukunci. Ƙungiyar CAEL, wadda aka kafa a 1974 don wannan aiki, ta tsaya kan ƙa'ida ɗaya: ilimin da mutum ya samu ake ba kiredit, daɗewarsa a wurin aiki ba ta isa hujja ba. Mai awo ma bai taɓa biyan kowa kuɗin damina nawa ya yi yana noma ba. Wani ya shekara ashirin a ofis yana maimaita abin da ya koya a shekarar farko, wani kuma a shekara uku ya san ciki da wajen aikin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Faransa ta wuce nan. Dokar da ta yi a Janairun 2002, wadda aka fi sani da VAE, ta ba duk wanda ya yi aikin shekara 3 a wani fanni damar neman takardar shaidar fannin, har da digiri, ta hanyar kundi da zama gaban kwamitin malamai da ƙwararrun sana'ar. A 2016 aka rage sharaɗin zuwa shekara 1. Kwamitin na iya ba da takardar gaba ɗaya, ko ya ba da wani sashe ya ce a je a cike sauran, ko ya hana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Afirka ta Kudu kuma ta sa irin wannan tsari a gyaran ilimin da ta fara a 1995, don baƙaƙen fatan da mulkin wariya ya hana shiga makarantu alhali su ke riƙe da ma'adinai da masana'antu.

Amfanin ya fito a ƙidaya. Binciken da CAEL ta fitar a 2010 kan manyan ɗalibai fiye da 62,000 a makarantu 48 ya nuna kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka ba irin wannan kiredit sun kammala karatu cikin shekara bakwai, sauran kuwa kashi 21 ne. Wani da aka fitar a 2020 a makarantu 72 ya samu kashi 49 da 27. Za a iya cewa ai masu himma ne dama ke neman a auna su. Masu binciken sun yi la'akari da haka, tazarar ta ragu amma ba ta gushe ba. Makarantun ma ba su yi asara ba, domin ɗalibin da ya hango ƙarshen hanya yakan tsaya ya ci gaba da ɗaukar darussa. Abin takaicin shi ne, a binciken 2020, kusan ɗaya cikin goma ne kawai ya amfana, kuma talakawa, waɗanda suka fi kowa buƙata, su ne suka fi ƙarancin samu.

Masu ɗari-ɗari da tsarin suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Kasuwar hatsi tana da cuta iri biyu. Akwai tauye mudu, akwai kuma algus, inda ake jera mai kyau a bakin buhu a cusa ruɓaɓɓe a ƙasa. Jami'ar da ta ƙi duba abin da mutum ya sani ta tauye shi. Wadda kuma ta karɓi kuɗi ta buga hatimi ba tare da gwaji ba ta yi wa al'umma algus. Mun ga haka a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024. Maganin cutar biyu ɗaya ne: tiyar da aka auna ɗan aji da ita, ita za a auna na waje da ita, ba a lotsa mata gindi ba, ba a yi mata ƙari ba. Gaskiya ne kuma akwai abin da aji ke bayarwa wanda gareji ba ya bayarwa. Makaniken da ke gane ciwon inji da kunne ba lallai ya san lissafin zafi da matsin da ke cikinsa ba. Shi ya sa yawancin jami'o'in Amurka ke ƙayyade yawan kiredit ɗin da za a shigo da shi ta wannan hanya. A ba shi abin da ya kawo, ya zauna ya koyi abin da ya rage.

A Najeriya muna da rabin hanyar. Mai NCE ko ND ko IJMB yana shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB, amma wannan takardar aji ce ake musanyawa da ta aji. Ma'aikatar Ƙwadago ta daɗe tana gwajin sana'a, kuma hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQ na tantance masu sana'ar hannu irin maƙeran Panteka a ba su shaida kan abin da suka riga suka iya. Gadar da za ta kai wannan shaida cikin darussan digiri ita ce ba ta ƙarasa ba. Alaramman da ya haddace Alƙur'ani ya kuma sauke Risala da Askari a zaure, in ya samu shiga sashen nazarin addinin Musulunci, a yawancin jami'o'inmu daga farko zai fara. Haka tsohon soja, haka ma'aikaciyar asibitin da ta karɓi haihuwa ba adadi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Abin da ake buƙata shi ne Hukumar NUC ta shimfiɗa ƙa'ida, kowane sashe ya bayyana darussan da za a iya neman a gwada mutum a kansu, a sa malami daga wata jami'ar ya duba sakamakon, a ƙayyade iyaka, kuɗin kuma ya zama na gwaji kawai. Ma'aikaci shi ma ya fara adana shaidar aikinsa tun yau, takardun horo da rahotanni da hotunan abin da ya ƙera. Ga yaro ɗan shekara goma sha takwas, zango ɗaya ba komai ba ne. Ga mai iyali da ke biyan haya da kuɗin makarantar yara, shekara ɗaya da aka rage masa kan abin da ya riga ya sani ita ke raba tsakanin ya yi rajista da ya haƙura har abada, kuma duk wanda ya haƙura, ƙasa ce ta rasa malami ko injiniya ko akanta.